Gemu Bai Hana Ɗaukar Allo Ba: Tarihin Komawar Manajoji Makaranta

A cikin shekarar 1943, alhali kuwa duniya tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Amurka sun watsu a fagagen fama tun daga Turai har tsibiran tekun Fasifik, masana'antun da a da suke ƙera motoci an juya su sun koma ƙera tankokin yaƙi da jiragen sama, sai Jami'ar Shikago ta buɗe wani aji wanda ba a saba ganin irinsa ba. Ɗalibansa 52 ne, ba kuwa yara ba ne masu neman abin da za su zama, magidanta ne da suka riga suka zama, da yawansu furfura ta fara leƙowa, kowannensu yana da ofis da mutane a ƙarƙashinsa. Sukan yini a wurin aikinsu, in yamma ta yi, sau biyu a mako, su tattara takardunsu su nufi tsakiyar gari, su zauna gaban malami kamar almajirai. Wannan aji shi ne mafarin abin da a yau ake kira digirin MBA na manyan ma'aikata, wato karatun tafiyar da kamfani da sarrafa dukiya da jama'a, wanda ba a karɓar mutum cikinsa sai ya yi shekaru yana riƙe da wani aiki. Tun da yake yanzu wannan karatu ya iso har ƙofar gidanmu, ana ganin ma'aikatan banki da na gwamnati da 'ya'yan attajirai suna cika azuzuwa ran Asabar da Lahadi, ya kamata mu san inda aka haife shi, da lalurar da ta haife shi, da kuma cutar da ta taɓa kama shi.

Tun daga zamanin da ɗan Adam ya fara saye da sayarwa har zuwa ƙarni na 19, ba a ɗauki tijara a kan fannin da ake nema a jami'a ba. Sana'a ce da ake gada, ko a koya ta wajen ubangida: yaro ya fara da sharar kanti da ɗaukar kaya, a hankali a riƙa aikensa karɓo bashi, sannan a sakar masa mudu da ma'auni, in an ga amincinsa a ɗaure masa jari a sallame shi, haka abin yake a Landan, haka yake a Alƙahira, haka kuma fataken Kano suka yi wa yaransu tarbiyya a kan hanyar Gwanja. Dalili kuwa a fili yake, domin muddin dukiya ba ta fi ƙarfin idon mai ita ba, wato yana iya zagaya rumbunansa da safe, ya san sunan kowane yaronsa da na uban yaron, ya riƙe lissafinsa a ka ko a ɗan daftari guda, to, kaɗan ne abin da malamin makaranta zai ƙara masa. Gaskiya ne an sami makarantun ciniki tun da wuri, kamar wadda aka kafa a Lisbon ta ƙasar Fotugal a 1759, da wadda aka buɗe a Faris a 1819, amma samari ne ɗalibansu, abin da aka fi koya musu kuwa shi ne hisabi da rubuta wasiƙun ciniki da sanin kuɗaɗen ƙasashe da ma'aunansu.

Jirgin ƙasa ne ya rushe wannan tsohon tsari, domin hanyar dogo dukiya ce da ba mutum ɗaya ke da ita ba, ba kuma ido ɗaya ke iya ganin farkonta da ƙarshenta ba: jarinta na dubban mutane ne, waɗansunsu ma suna Ingila ba su taɓa taka Amurka ba, ma'aikatanta kuwa a warwatse suke a tashoshi masu nisan ɗaruruwan mil, kuskuren 'yan mintoci a wannan tasha yana iya zama ajalin bayin Allah a waccan. A 1841 jirage biyu na wani kamfani a jihar Massachusetts suka yi karo gaba da gaba, aka rasa rayuka, binciken da ya biyo baya kuwa ya tilasta wa kamfanin ya rubuta wa kowane ma'aikaci iyakar aikinsa, da wanda zai ba shi umarni, da wanda zai kai wa rahoto. A 1855 Daniel McCallum, mai kula da layin Erie, ya sa aka zana taswirar muƙaman kamfaninsa a siffar itaciya mai saiwa da rassa, yana kuma karɓar labarin kowane jirgi ta wayar tangaraho. Kafin ƙarnin ya ƙare kuwa kamfanin dogo na Pennsylvania shi kaɗai yana da ma'aikata fiye da 100,000, adadin da ya ninka sojojin Amurka na wancan lokaci. Daga cikin wannan hayaniya wani sabon mutum ya fito, wanda ba shi ya kafa kamfani ba, ba shi ke da shi ba, ba kuma zai gadar wa ɗansa shi ba, amma a hannunsa makulli yake, ana biyansa albashi don ya juya dukiyar waɗansu. Shi ne manaja.

Malamanmu na fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala, domin a babin ƙiradi sun yi bayanin mutumin da aka danƙa wa dukiya ya yi ciniki da ita a raba riba, suka hukunta cewa amintacce ne, ba ya biyan hasara sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Manzon Allah kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija tun kafin a aiko shi. Abin da ya bambanta kamfanin zamani shi ne, a ƙiradi mai dukiya ya san fuskar wanda ya bai wa amana, yana iya kiransa zaure ya tambaye shi, amma mai hannun jari a babban kamfani bai san manajansa ba, manajan ma bai san shi ba, babu abin da ke tsakaninsu sai takardar lissafi ta ƙarshen shekara, wadda kuma shi manajan ne ke shirya ta. Waɗansu malamai biyu na Amurka, Berle da Means, sun tabbatar a 1932 cewa a manyan kamfanonin ƙasarsu mallaka ta rabu da iko, masu dukiya suna gefe guda, masu juya ta suna gefe guda. To, mutumin da aka ba irin wannan iko a kan abin da ba nasa ba, a ina zai koyi aikin, wa kuma zai koya masa tsoron cin amana? Duk abin da ya biyo baya ƙoƙarin amsa wannan tambaya ne.

Wanda ya fara sa dukiyarsa a kan wannan buƙata shi ne Joseph Wharton, wani attajirin ƙarfe na birnin Filadelfiya, wanda a 1881 ya ba Jami'ar Pennsylvania dala 100,000 don a buɗe makarantar harkar kuɗi da tattalin arziki, saboda kada 'ya'yan masu hali su gaji dukiya su rasa yadda za su riƙe ta. Shehunan jami'a na wancan zamani ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba, domin a ganinsu jami'a gidan falsafa ce da lugga da tauhidi, shigo da zancen riba cikinta kuwa zubar mata da girma ne. Attajirai su ma da yawa suna ganin ɓata lokaci ne, tun da su ba su yi karatun ba, ga shi kuwa sun tara, har Andrew Carnegie, sarkin ƙarfe na zamaninsa, yana cikin masu ganin cewa zaman jami'a yana kashe zuciyar ɗan kasuwa. Duk da haka abin bai tsaya ba. A 1900 kwalejin Dartmouth ta buɗe makarantar Tuck, wadda ita ce ta fara keɓe wannan karatu ga waɗanda suka yi nisa a digirin farko, a 1908 kuma Jami'ar Harvard ta buɗe tata a ƙarƙashin Edwin Gay, masanin tarihin tattalin arziki, da malamai 15 da ɗalibai 80, ta kuma raɗa wa digirin sunan MBA da ya bi shi har yau. Abin da ya kamata a riƙe game da waɗannan magabata shi ne niyyarsu, domin ba su ce za su koya wa mutane hanyar yin kuɗi ba. Burinsu shi ne aikin manaja ya zama kamar aikin likita ko na alƙali, mai ilimi sananne da ladubba sanannu, wanda mai shi yake jin cewa jama'a suna da hakki a wuyansa ban da hakkin wanda ya ɗauke shi aiki.

Sai dai da aka buɗe makarantar Harvard aka tara ɗalibai, sai aka ga babu littafin da za a biya musu. An gayyato Frederick Taylor, injiniyan nan da yake tsayawa a kan lebura da agogo a hannu yana auna daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya ɗaga shebur, wanda littafinsa na 1911 ya cika duniya. Iliminsa kuwa yana da amfani wajen hana ɓarna, amma ya ɗauki ma'aikaci tamkar wani sashe na inji, ni kuwa ban ga yadda za a kira abin da ya manta da zuciyar ɗan Adam ilimin shugabanci ba. Wanda ya samar wa makarantar hanyarta shi ne Wallace Donham, lauya kuma ma'aikacin banki, wanda ya zama shugabanta a 1919. Shi ya karanta shari'a a Harvard ɗin, inda tun 1870 ake koyar da ɗalibai ta hanyar ba su ƙararrakin da aka riga aka yanke, su tono ƙa'ida daga cikinsu da kansu, sai ya ce a yi wa kasuwanci haka: a je kamfani a rubuto wata matsala da ta auku da gaske, a kawo ta aji ba tare da amsarta ba, a tambayi ɗalibi abin da zai yi da shi ne a kan kujerar. Ta farko da aka rubuta, a 1921, shafi ɗaya ce tak, a kan wani kamfanin takalma wanda ma'aikatansa suke ajiye aiki tun lokacin tashi bai yi ba, alhali masu saye suna jiran kaya. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu zai gane wannan hanya da gani ɗaya, domin ita ce hanyar littattafan nawazil, inda ake tara mas'alolin da suka sauko wa mutane da fatawoyin da aka ba su, don almajiri ya koyi yadda ake saukar da hukunci a kan abin da ya auku, ba haddar matani kaɗai ba.

Amma fa wannan hanya, duk da kyanta, tana da rauni guda wanda masu ita ba su jima ba suka lura da shi. Saurayi ɗan shekara 23, wanda bai taɓa kwana da tunanin inda zai samo albashin mutum 200 ran ƙarshen wata ba, bai taɓa kiran magidanci mai 'ya'ya ya ce masa aikinsa ya ƙare ba, bai taɓa sa hannu a takardar da in ta ɓaci sunansa ne zai ɓaci ba, in an ba shi mas'ala sai ya warware ta cikin rabin sa'a da fasaha mai ban sha'awa, domin a wurinsa wasan ƙwaƙwalwa ce, ba ya jin nauyinta a ƙirji. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuwa yake ga karatun allo da tarbiyya. Amma akwai ilimin da ba ya kama ɗanyen icce, sai wanda rana ta daka, ruwa ya daka, kamar yadda babin gado ba ya zama a zuciyar yaro irin zaman da yake yi a zuciyar wanda ya taɓa tsayawa a kan rabon gidan ubansa. A farkon shekarun 1930, lokacin da karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta jefa miliyoyin mutane cikin rashin aiki, mutuncin shugabannin kamfanoni kuma ya zube a idon talakawa, sai makarantar fasaha ta MIT, da taimakon tsohon ɗalibinta Alfred Sloan, shugaban kamfanin motoci na General Motors, ta fara ɗauko ma'aikatan da suka riga suka goge, ta raba su da ofis shekara guda cur, ta mai da su aji. Yaƙi ne ya faɗaɗa ƙofar da wannan ya buɗe, domin da samari suka tafi soja, masana'antu kuma suka kumbura fiye da ƙima, sai aka wayi gari injiniyoyi da akantoci da masu kula da sito sun zama shugabannin dubban mutane ba tare da shiri ba. Ba shi yiwuwa kuwa a ɗauke su daga aiki alhali ƙasa tana yaƙi, don haka Shikago ta ce su zo da dare. Harvard ma a wannan shekara ta 1943 ta buɗe kwas na sake horar da manya saboda aikin yaƙi, wanda a 1945 ya zama kwas na dindindin na kamar wata uku.

Abin da aka gano a waɗannan azuzuwa, a ganina, shi ne mafi daraja cikin wannan tarihi duka. An gano cewa in ɗalibi ya zo da shekara 15 ta aiki a bayansa, to, darasi ba daga allo kaɗai yake saukowa ba, yana tasowa daga kujeru: malami yana da usuli, su kuwa suna da furu'a, shi ya san ƙa'idar da ta haɗa al'amura, su kuwa sun san inda ƙa'idar take karyewa in ta gamu da mai taurin bashi ko injin da ya lalace da tsakar dare. Injiniyan da ya yi shekara 20 yana ganin akanta a kan mai hana ruwa gudu sai ya zauna kusa da akantan wani kamfani, wanda babu gaba ko kishi tsakaninsu, ya ji dalilinsa a karo na farko. Mai sayarwa ya gane abin da ya sa mai ƙerawa yake ƙin yi masa alkawarin rana. Kowannensu ya fita daga ramin sana'arsa ya ga gidan gaba ɗaya, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake buƙata ga wanda za a ɗora bisa kowa. Sa'an nan abin da aka karanta daren Talata ana iya jarraba shi safiyar Laraba, a komo mako mai zuwa a faɗi yadda aka kwashe. Mu da muka taso muna ganin attajirai da dattawan unguwa suna zaune a zauren malam bayan sallar Asuba, kowa da Risalarsa ko Askarinsa, malam yana fassara babin ciniki, wani daga cikinsu yana tsai da shi da tambayar da ta fito daga rumfarsa ta jiya, ba za mu yi mamakin wannan ba. Abin da ya zama sabo shi ne jami'ar Turawa ta yarda cewa gemu ba ya hana ɗaukar allo.

Ingila ta bi tata hanyar. A 1945 aka kafa wata kwaleji a Henley, a wani babban gida a bakin kogin Thames, ta fara karɓar ɗalibai a 1948, inda ake haɗa manyan ma'aikatan gwamnati da na banki da na masana'antu, a rarraba su ƙungiya ƙungiya, su riƙa karɓa-karɓar shugabancin zama, malamai kuwa suna gefe ba su cika tsoma baki ba. Ba a kuma ba da digiri a lokacin, mutum ya zo ne don ya ƙaru ya koma bakin aikinsa. Daga nan abin ya bazu da sauri: a 1957, shekarar da ƙasashen Turai shida suka ƙulla yarjejeniyar kasuwarsu a Rum, aka kafa INSEAD a Faransa bisa himmar Georges Doriot, Bafaranshen da yake koyarwa a Harvard, a 1961 Indiya ta kafa nata cibiyoyin a Kalkata da Ahmedabad da taimakon MIT da Harvard, Landan da Mancesta kuma suka sami nasu a 1964 da 1965.

A nan ne kuma cutar da na ambata ta fara shiga, ta ƙofar gyara kuwa ta shigo. A 1959 gidauniyoyi biyu, ta Ford da ta Carnegie, suka fitar da rahotanni masu zafi, suna cewa yawancin makarantun kasuwanci na Amurka ba su da zurfi, malamansu ba sa bincike, abin da suke koyarwa kuwa labarin tsofaffin 'yan kasuwa ne kawai. Zargin yana da gaskiya a cikinsa, maganin da aka ba da kuwa shi ne a cika makarantun da masana lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki, aka kuwa zuba miliyoyin daloli a kan haka; ilimin ya yi ƙarfi, an sami hanyoyin auna hatsarin jari da tsara kaya waɗanda duniya take cin moriyarsu har yau, amma sannu a hankali sai abin da ake iya ƙidayawa ya danne abin da ba a iya ƙidayawa. Babu wanda rayuwarsa ta nuna wannan kamar Robert McNamara, wanda ya gama Harvard a 1939, ya yi wa rundunar sama aikin ƙididdiga lokacin yaƙi, ya shiga kamfanin Ford a 1946 yana cikin waɗanda suka tsamo shi daga hasara, ya zama shugabansa a 1960, sa'an nan ya zama sakataren tsaron Amurka a 1961. Da yaƙin Biyetnam ya zo sai aka riƙa auna nasara da adadin gawawwakin abokan gaba, alƙaluma suna cewa ana cin nasara, ƙasa kuwa tana cewa ba haka ba, har shi da kansa ya amsa kuskurensu a rubuce a 1995, bayan an rasa rayukan da ba su dawowa.

Bayan wannan sai wata aƙida ta biyo, wadda Milton Friedman na Jami'ar Shikago ya bayyana a wata maƙala a 1970, cewa babu wani hakki a wuyan kamfani sai ƙara riba ga masu shi, muddin bai karya doka ba. Almajiran wannan ra'ayi kuma suka ƙara da cewa manaja ba abin amincewa ba ne, sai an ɗaure shi da kwaɗayi, a ba shi rabo a hannun jari don son kansa ya dace da son masu dukiya. Ka duba nisan da aka yi daga niyyar 1908! Waɗanda suka so su horar da amintacce sun koma suna koya wa ɗalibi cewa ba a sa ran amana daga gare shi, wanda kuwa aka daɗe ana gaya masa haka, ba abin mamaki ba ne in ya gaskata. Da kamfanin Enron ya rushe a 2001, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu da ajiyar tsufansu, sai aka tuna cewa Jeffrey Skilling, wanda ya shugabance shi, kotu kuma ta same shi da laifin zamba a 2006, ɗalibin Harvard ne na ajin 1979. Da bankuna suka girgiza duniya a 2008 aka sake yin irin wannan tambaya, har ɗaruruwan ɗaliban Harvard masu fita a 2009 suka rubuta wa kansu rantsuwa irin ta likitoci. Ba na cewa makaranta ce ta koya wa kowa sata, domin dubbai sun fita daga cikinta sun riƙe amana har suka mutu. Abin da nake cewa shi ne ta yi shiru a wurin da bai kamata ta yi shiru ba. Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada kuwa, wanda ya taɓa bin shugabannin ma'aikatu biyar mako guda guda yana rubuta duk abin da suka yi, ya tarar rabin ayyukansu ba ya kai minti 9 kafin wani ya katse su, ya daɗe yana cewa ba a yin manaja a aji, sai dai a ƙara wa wanda ya riga ya zama manaja basira. A 1996 ya haɗa kai da makarantu a Ingila da Faransa da Indiya da Jafan suka buɗe karatun da ba a karɓar kowa sai mai riƙe da aiki, wato bayan rabin ƙarni an komo inda Shikago da Henley suka fara.

Mu a nan ƙasar ba ta hanyar kamfani wannan al'ada ta fara zuwa mana ba, ta hanyar mulki ta zo. Makarantar Kongo ta Zariya, wadda ta fara a 1947 a kan wurin horar da akawuna, ta zama cibiyar koyon aikin mulki, daga baya kuma ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ta ga ma'ajin En'e da magatakarda da alƙalai, masu rawani da iyali, suna zaune a benci suna koyon sabon tsari, domin mulkin kai yana tafe kuma babu isassun hannuwa. Da gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar 1972 wadda ta mai da wani kaso na kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, sai irin lalurar da ta sami Amurka a 1943 ta same mu, kujeru suka samu kafin a sami waɗanda aka shirya musu. A 1973 aka kafa kwalejin horar da manyan ma'aikata, wadda take Topo kusa da Badagry, mai kama da ta Henley a manufa, a 1991 aka buɗe makarantar kasuwanci ta Legas, yau kuma ga ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano, ga ta Zariya, ga waɗansu da dama.

Abin da yake damuna shi ne mas'alolin da ake karantawa a waɗannan azuzuwa, domin galibinsu na kamfanonin Amurka ne da Turai, waɗanda ba su san ɗaukewar lantarki ba, ba su san ciniki a kan amana ba tare da takarda ba, ba su san abin da yake samun dukiya ran da aka raba ta gado tsakanin 'ya'ya 20 na ɗakuna huɗu ba. Alhali kuwa ga masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, suka ciyar da dubban gidaje sa'an nan suka yi shiru. Ga masana'antun Bompai da Sharaɗa. Ga Kantin Kwari da kasuwar hatsi ta Dawanau, inda ake juya dukiya mai yawa da kalmar baki. Ga gidajen attajirai da muka ga tashinsu muka ga kwantawarsu ran da aka binne mai gidan, da kuma 'yan kaɗan da suka haye zuwa jikoki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan nazila ce da ta cancanci a rubuta ta, a kawo ta aji, a yi munazara a kanta, waɗanda suka san sirrinta kuwa tsufa yana cim musu.

Saboda haka ina roƙon malaman waɗannan makarantu su fita daga ofis su zauna da tsofaffin manajojin masaƙa da dillalan kasuwa tun suna da rai, su rubuta abin da suka gani; ina roƙon attajiranmu su daure su buɗe wa masu bincike littattafansu, ko da za a sakaya suna; kai kuma mai karatu, in kana cikin masu niyyar komawa aji bayan shekaru a bakin aiki, kada ka tafi da kuɗin makaranta kaɗai, ka tafi da matsalar da ta hana ka barci a wurin aikinka, ka ajiye ta gaban malam da abokan karatunka tun makon farko.